Sandar Giyar Hafizu

Da hantsi sojoji suka jawo motar da igiya har ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda na Filingue. Tsohuwar bashe ce fara, irin mai buɗaɗɗen baya da ake loda wa buhuna da mutane tare. Gilashin gaba ya tarwatse. A baya, tsakanin buhunan gishiri da jarkokin man gyaɗa, an shimfiɗe direban, an rufe shi da zanen wata mata.

Insfekta Magagi ya fito yana gyara hularsa. Dogo ne, marar yawan magana. Shekarun nan sun koya masa kada ya tambayi wanda ya yi kisa idan gawa ta fito daga hanyar Sanam. Amsar ɗaya ce kullum: mutanen daji, masu babura. Ba wanda ya san sunansu, ba kuma wanda zai je ya kamo su.

"Wane ne?" ya tambayi sajan ɗin da ya kawo motar.

"Hafizu ne, ɗan Malam Abdu tsohon direba. Fasinja sun tsira, sun shige cikin gero. Shi kaɗai suka harbe."

Magagi ya ɗaga zanen, ya mayar. Ya san yaron. Duk tashar, Hafizu ne kaɗai ya rage yana bin wannan hanya, yana kai gishiri da magani ƙauyuka, yana dawowa da marasa lafiya da masu awaki.

Ya buɗe ƙofar direba don ya ɗauki takardun mota. Gwiwarsa ta taɓa sandar giya, sai sandar ta faɗi gefe ɗaya laƙwas. Ya kama ta ya tura gaba, ya ja baya. Tana yawo a hannunsa kamar ludayi cikin ƙwaryar da babu komai.

"Ku kuka karya wannan wajen jawowa?"

"Haka muka tarar da ita, shef," in ji sajan, yadda suke kiran na gaba da su.

Kwamishina, shugaban ofishin, ya leƙo ta taga ya ce a rubuta rahoto kamar yadda aka saba, a ba iyaye gawa su yi mata sutura. Magagi ya sa hannu aka tafi da gawar, amma ya ce motar ta tsaya.

Cikin waɗanda suka tsira akwai Habsa, mai sayar da kuka da daddawa. Ya same ta a gidan ƙanwarta bayan kasuwa, ƙafafunta cikin kwanon ruwan zafi, ana cire mata ƙaya.

"Inna, ki gaya mini yadda abin ya faru."

"Mun yi nisa sosai sai munka ji kukan babura. Ka san tun da anka hana hawan babur, wanda duk ka ji shina tahe da shi cikin daji ba mutumin arziki ba ne. Suna can nesa, ƙurarsu kawai muke hange. Hafizu ya ce kowa shi riƙe da kyau. Gabanmu akwai tudun rairayi, bayan tudun nan kuwa shingen soja ne."

"Sai me?"

"Ina gaba kusa da shi, da idona na gani. Ya kai hannu zai sauya giya don hawan tudun, sai sandar ta sake a hannunshi. Inji na ta ihu, mota ba ta tahiya. Ya gwada, ya gwada. Sannan ya ce, 'Inna, ku sauka ku shige gero, kada kowa shi waiwayo.' Shi kuwa ya ruga wancan ɓangaren, inda babu shuka, don su bi shi."

Ta share fuska da bakin mayafi.

"Da motar ba ta tsaya ba, da sun cim muku?"

"Wallahi da ba su cim muna ba. Kuma abin da ke ci mini rai, da sahe a tasha yabon motar yake yi. Ya ce Kabiru bakanike ya gyara mishi giya, yanzu da ɗan yatsa guda yake sa ta."

Magagi ya koma komisariya ya kira Mansur, direbansu. Suka shimfiɗa kwali suka shiga ƙarƙashin motar da tocila.

Daga gindin sandar giya, sanduna biyu na ƙarfe ke tafiya ƙarƙashin kujera har zuwa akwatin giya. Mansur ya nuna masa: ɗaya ke zaɓar layi, hagu ko dama, ɗaya ke tura giya ta shiga. Robobin da ke gaɓoɓinsu sababbi ne fil, man shafawa ma bai yi baƙi ba. Sandar farko na nan daram. A ƙarshenta an zura ƙusa mai baki biyu, an lanƙwasa bakunan gefe da gefe don kada ta zame.

Sanda ta biyu kuwa tana reto, ta fita daga mazauninta.

"Ƙusar ta karye ke nan?" in ji Magagi.

Mansur ya haska ramin, ya sa farce ya zaro wani abu, ya ɗora masa a tafin hannu. Guntun waya ne siriri, mai koren rufi, ya tsinke a tsakiya.

"Babu ƙusa a nan, shef. Waya aka sa. Irin wannan ko buhu ba ta ɗaurewa, balle giyar mota."

Magagi ya daɗe kwance yana kallon ramin. Wanda ya lanƙwasa ƙusar farko da irin wannan kulawa ba zai manta da ta biyu ba.

Garejin Kabiru inuwar dogon yaro ce kusa da tasha, da rumfar kwano da tarin tayoyi. Kabiru na ganin insfekta ya miƙe yana goge hannu a wando. Idanunsa sun yi ja.

"Kai ka gyara giyar Hafizu?"

"Ni ne, shef."

"Me ya same ta?"

"Tsufa. Robobin duk sun cinye, sandar ta yi wasa. Sai ya nemi ta biyu ta faɗa ta huɗu, ta baya kuwa sai ya yi kokawa da ita. Na kwance sandunan duka, na wanke su da kananzir, na ƙwanƙwasa robobi sababbi, na shafa mai. Sannan na sa akwatin a sake, ba ya cikin kowace giya, na sassauta noti, na riƙa juya sandar ina ƙara mata tsawo ina ragewa har ta sama ta tsaya cak a tsakiya. Na ɗaure. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya har ta baya, duk suna shiga sumul."

"Ƙusoshin fa?"

"Biyu na sa, sababbi. Da hannuna na lanƙwasa su."

Magagi ya buɗe tafin hannunsa. Kabiru ya kalli koriyar wayar, ya kawar da kai da sauri.

"Ban san wannan ba."

"Wa ya taɓa motar bayanka?"

"Ba kowa. Ina nan har ya zo ya ɗauke ta."

"Ko sallah ba ka je ba?"

"Nan na yi ta, gindin icce." Ya sake goge hannu a wando. "In kana neman mai ƙin Hafizu, shef, ka tambayi Tahiru. Sun yi cacar baki a tasha, kowa ya ji."

Tahiru direba ne mai ƙiba, yana bin hanyar Yamai. Magagi ya tarar da shi yana ɗaure kaya a kan motarsa.

"Ranar da aka gyara motar Hafizu kana ina?"

"Ina Yamai."

"Shugaban tasha ya ce ranar ba ka yi lodi ba."

Tahiru ya saki igiyar. "To, ina nan. Na ji tsoro ne a ce da hannuna, tun da an ji mu muna hayaniya."

"A kan me?"

"Na ce mishi mahaukaci ne. Na ce ya bar hanyar can ya zo mu riƙa bin Yamai tare, fasinja sun ishe mu. Ya ce in kowa ya gudu, wa zai ɗauko matan ƙauye in naƙuda ta yi gardama? Na zage shi, ya zage ni. Wannan ita ce gabar tamu. Mi zan ci da hanyar da ko kyauta anka ba ni ba ni bi?"

"Ka ga wani kusa da motar a gareji?"

Tahiru ya dubi ƙasa. "Na wuce bayan la'asar. Kabiru ba ya nan, an ce ya tahi kai batir gidan wani alhaji. Amma akwai mutum kwance ƙarƙashin motar. Ƙahwahunshi kawai na gani."

"Ƙafafun wa?"

"Shef, kada ka sa ni hwaɗin wannan. Ka koma wurin Kabiru."

Da Magagi ya koma, bai yi tambaya ba. Ya zauna a kan taya ya zuba wa Kabiru ido har bakaniken ya durƙusa ya rufe fuska.

"Shi ya koya mini aikin nan," in ji Kabiru. "Tun ina ƙarami nake riƙe mishi sifana. Ya zo ya ce in tahi in kai batir, shi zai duba aikin in ya yi. Na yi murna ma. Ashe uba ba zai duba motar ɗanshi ba? Da anka kawo labari jiya na ji yadda sandar ta sake, jikina ya ba ni. Amma da wane baki zan kira sunan Baba Abdu?"

Magagi ya bar kwana ya wuce. Ba ya son shiga gidan ranar da aka binne yaron. Washegari da safe ya sa Mansur ya tsayar da motar komisariya a bakin lungu, ya ƙarasa da ƙafa.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malam Abdu na zaune a tsakiyar masu gaisuwa, tsoho ƙanƙane mai farin gemu, hannuwansa manya kamar ba nasa ba. Magagi ya durƙusa ya yi ta'aziyya kamar kowa, aka shafa fatiha. Da mutane suka ragu ya ce, "Baba, ina son magana da kai a keɓe."

Tsohon bai tambayi dalili ba. Ya tashi ya ja shi bayan gida, inda yake kiwon zabbi. Kejin na karan dawa ne, an ɗaure kowace gaɓa da waya siririya mai koren rufi. Ragowar naɗin wayar na rataye a jikin ƙusa.

Magagi ya kalli wayar. Malam Abdu ya ga inda yake kallo.

"Zauna, ɗana," ya ce, ya tura masa turmi a kife.

"Baba, ka je garejin Kabiru ranar da aka gyara motar?"

"Na biya. Na gaishe shi na wuce."

"Ka shiga ƙarƙashinta?"

"Mi zai kai ni? Bayana ba ya lanƙwasuwa yanzu."

Magagi ya fito da guntun wayar ya ajiye a kan gwiwarsa. Zabbin na ta kuka a cikin keji. Daga cikin gida ana jin muryar mata, da kukan jariri. Tsohon ya kalli abin.

Sannan ya sa hannu cikin aljihun rigarsa ya fito da ƙusa mai baki biyu, sabuwa, an miƙe bakunanta da filaya. Ya ajiye ta kusa da wayar.

"Tun ranar tana nan. Na kasa jehwa ta, na kasa kallonta."

"Don me, Baba?"

"Ka san Ibrahim? Babban ɗana. Ba ka zo garin nan ba tukuna. Hanyar nan ya bi da motar hatsi, har yau ba mu ga shi ba, ba mu ga motar ba. Ko kabarin da za mu tsaya kai ba mu da shi. Hafizu ya rage muna. Na roƙe shi. Uwarshi Delu ta yi kuka har ta gaji. Na haɗa shi da liman, na haɗa shi da kawunnanshi. Na ɓoye makullin motar, ya tada ta da waya. Kullum sai ya ce, 'Baba, kai ka koya mini direba ba ya barin mutane a hanya.' To, ni na koya mishi."

Ya numfasa.

"Ka san korin da ke bakin gari, busasshen rahin nan da ake tsallakawa in an fita? Rairayinshi mai zurhi ne. Duk shekarun da na yi ina tuƙi, ban taɓa wuce shi ba sai na dawo giya ta biyu da ƙarhi, wani lokaci ta ɗaya. Na ce in na sa waya, can za ta tsinke. Zai tsaya ana hango shi daga gari, fasinja su sauka su dawo da ƙahwa, ya yi fushi, ya zagi Kabiru, shi ke nan. Makon gaba in nemi wata dabara. Haka zan yi ta yi har ya gaji da motar. Ban nemi komi ba sai ya kwana gida."

"Amma ba ta tsinke a can ba."

"Ruwa anka yi." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Kahin asuba anka yi ruwa mai yawa, wanda muke ta roƙo saboda gero. Rairayin ya daskare awa daɓe. Na bi bayanshi da ƙahwa har bakin korin don in tare shi in ya tsaya. Ina tsaye ina kallo ya wuce a giya ta uku, ko taɓa sandar bai yi ba. Ya ma ɗago mini hannu."

"Ba ka kira shi a waya ba?"

"Na kira. Hanyar can babu rezo, waya ba ta shiga tun da anka ƙone eriya. Na ruga tasha in sami wanda zai bi shi, kowa ya ce ba ya zuwa. Ban gaya musu dalili ba, kunya ta hana ni. Da na hwaɗi, wataƙila da wani ya yi ƙarhin hali. Na dawo na zauna ƙohwar gida ina cewa wayar za ta riƙe har ya dawo."

Magagi ya kalli ƙusar da wayar. Tunda ya fara aiki a wannan gari, gawawwaki nawa aka kawo masa daga hanyar can, bai taɓa sa ankwa a hannun ko mutum ɗaya ba. Yau ga shi ya gama bincike, ya sami mai laifi, ga shaida, ga amsa laifi. Waɗanda suka ɗana bindiga suna can cikin daji suna shan shayi. Ya ji kamar ya kwashe abubuwan nan biyu ya watsa cikin keji ya tafi. Amma Kabiru ya sani, Tahiru ya sani, kuma akwai mutane cike da bayan mota da saura kaɗan su mutu tare da yaron.

Kamar tsohon ya karanta zuciyarsa.

"Kada ka bar ni nan, ɗana. Kowa ya zo sai ya ce mini, 'Malam, haƙuri, Allah ya isar maka.' Matarshi Samiratu ita ke kawo mini hura da hannunta, da ɗanshi goye. Ba ni iya haɗiyewa. Ka tahi da ni inda za a kira ni da sunan abin da na yi."

"Sai an kai ka gaban alƙali, Baba."

"Na sani."

Magagi ya naɗe ƙusar da wayar cikin hankici. Bai fito da ankwa ba. Suka biyo ta tsakar gida, tsohon a gaba.

Delu na zaune bakin ɗaki cikin mata, idanunta sun kumbura. Da ta ga mijinta tare da ɗan sanda sai ta yunƙura ta tashi.

"Malam, ina zuwa? An kama su ne?"

Malam Abdu ya tsaya. Magagi ya riga shi magana.

"Inna, tambayoyi ne a komisariya," in ji Magagi, ya ji ƙaryar ta yi masa ɗaci a harshe.

"To, kada ku daɗe. Mutanen Sanam sun aiko suna tahe gaisuwa, ba wanda zai tare su." Ta miƙa wa mijin hularsa da ya bari a kan tabarma.

Ya karɓa da hannu biyu, bai dube ta ba.

A bakin lungu Mansur ya buɗe ƙofar baya, amma Magagi ya ce tsohon ya zauna gaba. Hanyarsu ta bi ta gaban tasha. A rumfar da Hafizu ke lodi, mata ƙauyawa na zaune kan ƙullin kayansu, wata na rungume da yaro mai zazzaɓi, suna duban kowace motar da ta shigo. Babu wanda ya je ya gaya musu su daina jira.

Mansur ya kai hannu zai sauya giya a kwanar kasuwa, akwatin ya yi ƙara ƙirrr.

"Taka sosai kahin ka sa ta, Hafizu," in ji tsohon a hankali, idonsa na kan hanya.

Mansur ya dubi insfekta ta madubi. Babu wanda ya gyara masa sunan har suka isa komisariya.